Sukuwa Ta Mutu, In Ji 'Yan Sahun Gaba

A Amurka, masoya tseren motoci na NASCAR suna ƙorafin cewa wasan ya yi lami tun da aka datsa shi zango-zango a 2017. Su zo Yankwashi su ji ƙorafi na gaske. Duk Sallah sai dattawan majalisa sun rantse sukuwa ta mutu: dawakai sun yi teɓa, mahaya sun fi kula da masu ɗaukar hoto a kan linzami. In ka tsananta tambaya, sai gaskiya ta fito: an daɗe doki bai kayar da kowa ba. Amma ranar hawan Kazaure, su ke fara cika motar haya, ko koko ba su sha ba.