Zuwa ga Taubashina, Alƙalin Finafinan Duniya

Ɗan gwaggo, bawan gidanmu, ina gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Jerin da ka aiko na finafinan da suka fi kyau a 2024 ya iso Dandume lafiya, har da dogon sharhi a ƙasa kan ƙwallon ɗaliban jami'o'in Amurka, wanda ba wanda ya tambaye ka. Na karanta wa jama'a a teburin mai shayi. Wani dattijo ya tambaya ko lafiyarka ƙalau, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ɗan mace in ya sha ruwan Kano haka yake komawa.

Na ɗaya a wurinka wai Dune, kashi na biyu. Na sa yaron da ke tura finafinai a bakin tasha ya zuba mini shi a waya, don kada a ce na yanke maka hukunci a bayan ido. Kusan awa uku ana tafiya cikin rairayi, ba bishiya ba rijiya, mutane sun naɗe fuska suna ta raɗa, sai can wata ƙatuwar tsutsa ta ɓullo daga ƙasa, jarumin ya ɗare bayanta yana sukuwa. Tsutsa fa, ɗan gwaggo! Mu nan kowace damina kuɗinmu a maganin feshi suke ƙarewa saboda tsutsar da ke shiga zuciyar masara ta cinye ta tun tana ƙarama, kai kuma ka ɗauki babbarsu ka ba ta lamba ɗaya. Hoton ya fita, wannan ban musa ba, an ga inda kuɗi suka shiga. Amma da ka karanta jerin nan a kasuwar hatsi ta Dandume ana tsakiyar loda buhuna a tirela, da 'yan dako sun raka ka har mota.

Na duba daga sama har ƙasa ban ga Mai Martaba ba. Fim ne da aka ɗauka a Daura, cikin jiharmu, Prince Daniel ya ba da umarni, Adam A. Zango yana ciki, labarin rikicin gadon sarauta da dawaki da rawuna. Shi Najeriya ta zaɓa ya wakilce ta a gasar Oscar a waccan shekarar. Da aka tace zuwa finafinai 15 a watan Disamba bai shiga ba, kai ma sai ka bi sahu ka ajiye shi, kamar kana cikin masu kaɗa ƙuri'ar. Da sun ɗauke shi na tabbata da kai ne za ka fara cika mana kunne cewa tun farko ka hango.

Kuma ma wa ya gaya maka har yanzu fim ɗaya ake kallo a tashi? Wannan zamanin Sangaya ne da Wasila, lokacin da ake hayar kaset a kai gida, yaran unguwa su cika tsakar gida har soro. Yanzu mai dogon zango ke mulki. Izzar So na Lawan Ahmad, wanda tasharsa ta YouTube ke ɗauke da sunan Bakori, nan maƙwabtanmu, tun 2020 yake jan mutane, har yara sun fi sanin mutumin da Umar Hashim a kan sunansa na yanka. Labarina na Aminu Saira kuwa, da aka shiga zangon Alhaji Mainasara, na ga matan gidanmu sun bar tuwo a wuta suna gardamar wace ce take sonsa don Allah, wace ce don dukiya. Gwaggo ma, mahaifiyarka da kanta, tana da ɓangare, kuma ba ta yarda a taɓa mata shi. Fim ɗin da ya sa tuwo ya ƙone a gidan da aka haife ka bai samu ko lamba goma a jerinka ba.

Ba na cewa namu ba su da aibu. Suna jan labari har ya tsinke. Mutum biyu za su zauna a falo su maimaita abin da muka gani da idonmu a makon jiya, a sa kiɗan tausayi, a yanke, a ce sai mako mai zuwa, datarka ta tafi a banza. Da wannan ka rubuta da na sa maka hannu. Sai dai mai yin wannan sukar sai ya zauna ya kalla tukuna.

Mu dawo kan ƙwallon naka. Ka ce ka hana idonka barci cikin Janairun 2025 don ka ga Ohio State ta doke Notre Dame da 34 da 23 ta ɗauki kofi. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare agogonmu, lokacin da bayin Allah ke neman tashi nafila, kai kana ƙarƙashin bargo da waya kana kallon ƙarti sanye da hular kwano suna kokawa a kan wata ƙwallo mai siffar gwanda. Ka yi mini bayani cewa ana ba kowane ɓangare dama huɗu ya ci yadi goma, in an kai ta ƙarshen fili maki shida ne. Na gane. Abin da ban gane ba shi ne yadda wasan da agogonsa minti 60 ne yake cin sama da awa uku, a yi gudu na daƙiƙa biyar a tsaya a yi taro. A gidan kallo na nan, inda ake biya a ƙofa a zauna a benci, janareto na ruri a baya, in aka yi haka rabin mutane sun nemi a mayar musu da kuɗinsu kafin a tafi hutu.

Wani abu ɗaya a sharhinka ya tsaya mini a rai, ko da yake kai ka wuce shi da gudu. Ka ce filin jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, kuma cika yake yi. Ɗalibai ne fa ke wasan. Tun 1869 da Rutgers da Princeton suka fara karawa mutanen nan suke bin makarantunsu, tsoho ya zo da jikansa su yi ihu wa 'yan makarantar da ya gama tun kafin a haifi uban yaron. Nasu suke kallo. To kai da ka yi karatu a Samaru, sau nawa ka taka zuwa filin wasa na Jami'ar Ahmadu Bello? Ana wasannin NUGA tun 1966, an kuma fara gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL a 2018, jami'arka tana da ƙungiya mai suna ABU Nobles. Kawo sunan ɗan wasansu ɗaya in ba ka tiya biyu ta masara. Na san ba za ka iya ba, amma na Ohio har garin da aka haife su ka haddace. Ko Katsina United da ke wasa a filin Muhammadu Dikko, sai dai ka ji sakamako a rediyo ka taɓe baki.

Saboda haka ga umarni daga ubangidanka. Da an gama kaka, masara ta shiga rumbu, samarin unguwanni za su fara gasa a filin firamare. Raga babu, sanda biyu ce da igiya a sama, rabin 'yan wasan da takalmin roba, mai tsaron gida ɗaya ne ke da safar hannu, ita ma ta feshi ce. Amma in aka ci, ihun har Mahuta sai an ji. Ka zo. Na riga na nema maka aiki, za a ba ka tsumma ka tsaya a layi kana ɗagawa. In kuma abin naka ya motsa ka rungumi ƙwallo ka ruga da ita ƙarshen fili, ka sani alƙalin wasan mahauci ne, kuma ba zan ce na san ka ba.