Kotun Gwal da Azurfa

A kowane gidan biki akwai wata kotu da ke zama a teburin da ya fi kusa da ƙofa. Ba ta da rajista, ba a ɗaukaka ƙara, alƙalanta kuma duk sun sha ɗaurin gwaggwaro. Kafin ki gama sallama sun duba kunnenki, wuyanki da hannuwanki, sun yanke hukunci, sannan su ce miki, "Masha Allah, kin yi kyau!"

Babbar dokar kotun ita ce ba a haɗa gwal da azurfa a jiki ɗaya. Babu wanda ya san majalisar da ta zartar da ita, amma har 'yar firamare ta haddace. Leshi mai zaren ruwan gwal sai sarƙar gwal, mai ruwan toka sai azurfa. Jaka ma ba ta tsira ba: in zif ɗinta ya saɓa da ɗan kunne, an samu laifi. Sai kuma uwar biki, Allah Ya shirye ta, ta shiga Kantin Kwari ta zaɓo ankon da ke da zaren launukan biyu. Daga nan ƙawayen amarya sun rabu gida biyu ke nan, wasu ba za su sake gaisawa ba sai ranar suna.

Abin da ke ba ni dariya shi ne dokar tana da ido. In 'yar talaka ta sa zoben azurfa da awarwaron ruwan gwal, sai a taɓe baki a ce ƙauyanci. In Hajiya ce da ta sauka daga Dubai jiya ta haɗa su, sai ki ji ana, "Ai yanzu haka ake yayi a waje." Wannan yayin kuwa ya girmi kowa a teburin. Tun 1924 kamfanin Cartier na Faransa ya fitar da zobe mai zagaye uku a sarƙe, ɗaya rawaya, ɗaya fari, ɗaya ja-ja, har yau kuma masu kuɗi na rububinsa.

Wadda na fi tausaya wa ita ce mai farin gwal. Baiwar Allah ta zuba kuɗi ta sayo mai karat 18, da tambarin 750 a jikin maƙullin, ma'ana kashi uku cikin huɗu gwal ne tsantsa. Amma daga nesa ba shi da maraba da azurfa mai tambarin 925, tambarin kuma sai da tabarau ake ganinsa. Don haka dole ta yi wa sarƙarta lauya. Ba wanda ya tambaye ta, sai ki ji ta juya ga ta kusa da ita: "Anti, kin san wai mutane ɗauka suke azurfa ce?" A dina ɗaya sai ta faɗa wa teburi shida.

Mai GL kuma nata yaƙin da zafin Afrilu ne. Ruwan gwal ɗin sama-sama ne, a ƙarƙashinsa yawanci akwai tagulla, ita kuma tagulla in ta gamu da gumi sai ta bar kore a fata. Da La'asar an shigo ana sheƙi, kafin Isha wuya ya yi zane, kunne na ƙaiƙayi, ga shi ba halin sosawa a gaban dangin ango. Sai a ja mayafi a rufe har haɓa, a ce sanyin AC ne. Daidai lokacin ne wata tsohuwar alƙaliya za ta matso, ta sa yatsa ta ɗaga sarƙar kamar mai auna tumatir a kasuwar Rimi, ta ce, "'Yata, wannan ɗan Saudiyya ne ko ɗan Dubai?" Ba ƙasar take son ji ba, giram take lissafawa.

Maza kada ku yi dariya. Malamai sun ce gwal haramun ne ga namiji, zoben azurfa ya halatta. To sai ga Alhaji da agogo mai ruwan gwal yana ɗaukar ido, yana rantse wa duk wanda ya kalla cewa wallahi ƙarfe ne. Matarsa na can tana rantsuwa nata na gaske ne, shi yana nan yana rantsuwa nasa na bogi ne, kuma mota ɗaya ta kawo su.

Matan Buzaye sun daɗe suna ado da azurfar maƙeran Agadas a kan baƙin turkuɗi, ba su jira izinin teburin ƙofa ba. Ke ma 'yar'uwa, ranar Asabar ɗin nan ki sa ɗan kunnen lefenki da zoben azurfar da Inna ta bar miki, ki shiga da sallama. In an tambaya, ki ce yayin Faransa ne. Sai dai in GL za ki sa, don Allah ki zauna kusa da fanka.