Yadda Na Tayar da Fijon Kawu

Duk wanda ya girma a Kaduna lokacin da kamfanin harhaɗa Fijo na Kakuri ke tashe, ba sai an yi masa dogon bayani kan 504 ba. A Faransa aka fito da ita a 1968, a 1969 Turawa suka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara, amma mu nan ba mu taɓa yi mata kallon baƙuwa ba. A 1975 aka fara harhaɗa ta a garinmu, aka kuma ci gaba har cikin sabon ƙarni, bayan su masu ita sun daɗe da yin gaba. A lokacin ita ce motar babban sakatare, ita ce motar ɗaukar amarya, doguwar kuma ita ke jigilar fasinja daga Kawo zuwa Kano. Gwamnatin soja ta Obasanjo ma a cikinta ta zuba manyan jami'anta da sunan tsuke bakin aljihu.

Kawuna ya sayi tasa sabuwa dal da bashin mota na ma'aikata, lokacin da kuɗin Udoji bai gama hucewa a aljihun mutane ba. Ruwan madara ce. Ya hau ta har ya yi ritaya ya koma gida Zariya, ya ci gaba da hawa har ido ya fara yi masa gardama, sannan ya jingine ta a gindin darbejiya, kaji suka karɓi mulki. Da na je gaisuwar Sallah na tsaya ina shafa ta ina cewa an daina yin irin wannan ƙarfe, sai ya ce, "Ɗan nan, in kana so ka ɗauka. Lafiyarta ƙalau, batir ne kawai."

A bayan wata motar aka kawo min ita. Uwargida ta leƙo, ta zagaya ta, ta ce, "Malam, wannan ta hawa ce ko ta awo? Don in ta awo ce, yanzun nan 'yan gwangwan suka wuce." Ban tanka ba. Na riga na sha kallon Turawa a YouTube suna ɗauko akwala daga rumbu su mai da ita sabuwa, kuma na lura abu uku ne kacal: inji, ciki, fenti. Abin da bai fito a bidiyon ba shi ne, su da hannunsu suke yi, ni kuwa da hannun bayin Allah zan yi.

Bakaniken da aka yi min kwatancensa dattijo ne, Injiniya ake ce masa, an ce Fijo ba ta da sirrin da ta ɓoye masa. Ya ɗaga bonet, ya kori wata kaza da ta biyo mu tun daga Zariya, ya goge kwantak da sanfefa, ya tsiyaya fetur a bakin kafireta, ya ce wa yaronsa ya aro batir. Aka murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi! Har na fara haramar kiran kawu in yi masa albishir, sai na ga Injiniya ya dafa tsinin sukudireba a jikin injin, ya kara kunnensa a ƙotar, ya rufe ido, yana girgiza kai a hankali.

"Alhaji," in ji shi, "wannan injin ya gama cin rabonsa."

Ban taɓa taka ko Jidda ba, amma a gareji duk mai biya Alhaji ne. Na nuna masa cewa ni ma ba baƙo ba ne. Na ce shuɗin hayaƙin nan ai alamar ringi ne suka cinye, baƙin mai ke haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Na ƙara da cewa injin 504 an ƙera shi ne yadda za a zare bututun da fiston ke kai-kawo a ciki a zura sabo, ba sai an kai shi wurin gundura ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai gyaran masu haya ne. Irinka injin 505 ake sa wa, ɗan Beljiyam, a haɗa da giya mai biyar. Ka taka ta ka ji daɗin ranka." To, wa zai yi musu da mutumin da ya gane darajarsa?

Wani ɗan'uwansa ne ya kawo injin daga Kwatano. Ya rantse wata tsohuwar Baturiya ce ke amfani da shi, ita ma daga gida sai coci. Na lura duk injin da ya shigo ƙasar nan na tsohuwar nan ne. Allah ya ba ta lada, ta wadata Afirka ta Yamma.

Ana cikin ɗaurawa na ga yaro ya ciro wani ɗan ƙarfe mai sifirin daga bakin bututun ruwa ya wurgar. Na ce mene ne wancan? Injiniya ya ce, "Tamostat ne, na ƙasar sanyi. Nan ƙanƙara ake yi?" Aikin ɗan ƙarfen nan shi ne ya tare ruwa kada ya wuce lagireto sai inji ya ɗumama, don inji mai sanyi zuƙar mai yake yi ba tausayi. Fijon da aka harhaɗa a Kakuri da shi suka fito, kuma ban ji an taɓa yin ƙanƙara a Kakuri ba. Na faɗi haka, aka yi dariya, aka ce Alhaji akwai barkwanci. Tsohon injin kuwa Injiniya ya ce in bar masa a gefe, yara su riƙa koyon kwance-kwance da shi. Na bar shi sadaka.

Daga nan sai wurin mai bugun jiki. Da aka ɗaga tsohuwar shimfiɗar ƙasa, ta gefen direba ana hango titi sarai. Wannan kam ya yi aikinsa: ya yanko ƙarfe, ya kunna wutar kabaid, ya liƙe. Fitilun gaba da zakin da ke hanci a Panteka na samo su, kasuwar da in ka yi haƙurin yawo za ka iya harhaɗa jirgin sama. Matsalar daga mai fenti ta faro. Na ce masa ina son a gasa fentin a ɗakin gashi, yadda ake yi wa motocin manya. Ya nuna sama da yatsa ya ce, "Ga wanda Allah ya ba mu kyauta." Lokacin hunturu ne. A fili ya shafe ta da fila, ya goge, ya fesa, iska kuma na taya shi da ƙurar Sahara. In ka shafa jikin motar yanzu za ka iya gyara farce.

Wannan duk mai sauƙi ne. Ruwan madara na ce, har da hoton kawu tsaye a jikinta na nuna masa. Ranar da na je ɗauka na tarar da wata mota ruwan ɗorawa shar tana ƙyalli, na wuce ta ina neman tawa. Ya ce ai ga ta nan. Wai farin ne ya gaza masa, sai ya cike da ragowar na wani mai A Daidaita Sahu. "Kada ka damu, ranka ya daɗe, in ta sha rana za ta kwanta." Ta sha rana, ta sha damina, ta sake shan rana. Kullum ƙara nuna take yi.

Ciki kuwa na kai ta wurin wani gwanin ɗinkin kujeru, na ce fata ruwan ƙasa, ba ado, yadda ta fito daga kamfani. Ashe sana'arsa ta asali kujerun gara ne. Ya lulluɓe min kujeru da jan karan-miski, ya dasa maɓallai, ya bi gefe da zare ruwan zinari, ya rataya tuntaye a madubi. Kana buɗe ƙofa sai ka ga kamar ɗakin amarya, saura turaren wuta. A nan ne kaɗai uwargida ta yaba. Ta ce in motar ta ƙi tafiya, a ciro mata kujerun.

Mai rewaya shi ne ya rufe taro. Tsohuwar rediyon na nan da kaset ɗin Shata maƙale a ciki tun zamanin kawu, na so a bar min ita. Ya ce wannan ci-baya ne. Ya cire, ya sa wata mai Bluetooth wadda duk lokacin da aka kunna mota sai wata mata ta gaishe ni da Turancin China. Ya sa na'urar sanyi, ya dasa fankacecen ƙarfenta a gaban lagireton da bai taɓa ganin wanki ba. Da ya gama haɗa wayoyinsa, in na ba da sigina sai waifa ta fara share gilashi, in na taka birki rediyo ta yi shiru. Na koma masa, ya ce ai tsaro ne, don mutum ya natsu lokacin tsayawa.

Ana cikin wannan hidima ne aka rantsar da sabon shugaban ƙasa ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo. Ni kuma ga ni da injin da aka cire wa takunkumin shan mai. Allurar tanki kana kallo tana sunkuyawa.

Duk da haka na ce sai kawu ya ga abin da na yi. Na saka manyan kaya, na nufi Zariya. A Kawo na tsaya in sayi ruwan leda. Kafin in dawo, mutum uku sun zauna a baya, wani na ɗaure buhun albasa a but, ɗan kamasho na buga rufin motar yana ihun "Zariya mutum ɗaya!" Da ya gan ni da makulli sai ya miƙo hannu, wai kuɗin lodi. Na yi rantsuwa, na nuna takardu, na nuna hulata, da ƙyar aka sauka ana tsaki, wani na cewa direbobin yanzu sun cika girman kai. Wata tsohuwa a gidan gaba kuwa ta ce, "Ɗana, ni na riga na zauna. Ƙofar Doka za ka sauke ni." Na ce to, Iya, bismilla.

Gaskiya daga Rigachikun zuwa Mararrabar Jos na ji daɗin duniya. Ba motar da ta kai 504 iya haɗiye rami, ƙafafunta dogaye ne, kujerarta na rungumar mutum. Ba banza ba ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. Na saka giya ta biyar, na kunna sanyi, Iya ta ce Allah ya yi albarka. Muna wuce Jaji sai na ji wani ƙauri, allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe daga bonet. Na ba da sigina zan sauka gefe, waifa ta kama aiki. Na taka birki, rediyo ta yi shiru, ita ma motar ta bi sahunta.

Iya ta fito, ta gyara mayafi, ta ce in mayar mata da kuɗinta. Na ce Iya, ai ba ki biya ba. Ta ce, "To ka biya min ta gaba, tunda kai ka ɓata min lokaci." Na biya.

Wanda ya taimake ni wani mai a-kori-kura ne, ita ma 504, ta ɗauko masara har ta fi ƙarfinta. Ba fenti, ba madubi, ƙofa da igiya aka ɗaure. Ya ɗaura min igiya ya ja ni, da lodinsa da ni da jan karan-miskina, ko nishi motar ba ta yi ba, har ƙofar gidan kawu.

Kawu ya fito da sanda. Na gaishe shi na ce ga motarsa na kawo ya sa albarka. Ya lallaɓa ya shafa jikinta, ya janye hannu ya duba tafinsa. Ya leƙa ciki ya ce, "Aure ka ƙara?" Sai ya tsaya cak, ya karkata kai wajen a-kori-kurar da ke tsaye tana aiki a hankali. Ya bar ni nan, ya taka har gabanta, ya saurara.

"Wannan muryar motata ce."

Na ce kawu, taka ga ta nan. Ya ce wa direban, "Yaro, buɗe min." Aka buɗe. A murfin kan injin ga lambar motar kawu ɓaro-ɓaro, wadda ya ƙwanƙwasa da ƙusa da hannunsa saboda ɓarayi. Direban ya ce a wani gareji a Kaduna ya saya, ringi da gaskit kawai aka canza masa. "Wai na wani ɗan boko ne, Baba, ya ce a jefar a sa masa na 505. Alhali uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, duk cc 1971 ne ƙarfinsu, fiston huɗu. Kuɗi ne ke masa ƙaiƙayi." Na ce Allah ya shirye shi. Kawu ya ce amin, yana kallon inda ya ji muryata.

Na koma wurin Injiniya da maganar. Bai ko daina cin gyaɗarsa ba. Ya ce yaran ne suka koyi aikin da kyau har injin ya farfaɗo, wannan kuwa ladana ne, in gode wa Allah. Ya ce matsalar motata lagireto ne, kuma akwai wani ɗan Beljiyam da ɗan'uwansa zai kawo, na wata tsohuwa.

Motar tana nan, ina hawa da sassafe da bayan la'asar, ba sanyi, gilashi a sauke, siginar hagu da hannu nake bayarwa. Jama'ar Kaduna, in kun ga Fijo ruwan ɗorawa mai jan ciki ta tsaya a gefen titi, don Allah ba lodi take yi ba. Ku bar kayanku a inda suke, ku zo da jarkar ruwa.