Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Uwar Garken Giwayen Yankari

Zuwa ga Uwar Garke,
Bakin Kogin Gaji,
Gandun Dajin Yankari, Jihar Bauchi.

Ranki ya daɗe,

 Ina gajiya? Na tambayi gajiya ne saboda na san daren Talatar nan kun sha aiki. Ni ne mai gonar dawar da ke bayan rafi, wadda ke da tsamiya a tsakiya. Ko kuwa in ce wadda take da tsamiya a da, don yanzu rassa biyu suka rage mata.

Da fari Toron Giwa na yi niyyar rubuta wa, tunda shi ake wa kirari, shi sarakuna da 'yan dambe ke aron sunansa. Sai wani mai gadin daji ya ce kada in ɓata takardata. Wai a wurinku tsohuwa ke jan garke, ita ta san mashaya, ita ke cewa a tashi, toro kuwa da ya balaga sai ya ware ya shiga yawonsa. Na ce ashe ba gidana kaɗai ake haka ba.

Ranki ya daɗe, ba na son in yi miki rashin kunya, amma ɓarnar ta yi yawa. Dawar nan saura mako uku a yanke ta. Mun buga garwa, mun kunna wuta, mun haska tocila, mun yi ihu har muryar ƙanena ta dushe. Ke ko waiwaye ba ki yi ba, sai kaɗa kunne kawai, kamar mai korar ƙuda. An ce babbar giwa kan ci kilo 150 a yini, wato buhu ɗaya da rabi. Ban taɓa yarda ba sai da gari ya waye. Hausawa na cewa sawun giwa ya taka na raƙumi. A gonata ya taka na raƙumi, ya taka nawa, ya taka bashin taki da na ci da alkawarin biya da kaka.

Na je wani ofis neman diyya. An ba ni takarda na cike, an karɓi hotona guda biyu, an ce in dawo. Na dawo, an ce mai sa hannu ya tafi taro. A can ne na ji labarin cewa ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ɗaura wa wasunku abin wuya mai magana da tauraron ɗan'adam, ta yadda daga kwamfuta ake ganin inda kuka kwana. Allah ya sanya alheri. Ke an san makwancinki daga sararin samaniya, ni da katin zaɓe da lambar ɗan ƙasa har yau ana neman fayil ɗina.

Duk da haka, in za a bi gaskiya, ba ke kika zo gonata ba, gonata ce ta zo wurinki. An keɓe dajin nan a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Lokacin tsakanin ƙauyenmu da iyaka tafiya ce mai nisa, kuma ba kowa ke yin ta shi kaɗai ba. Muka yi ta haihuwa, muka yi ta sharar gona, har dawa ta jingina da iyakar. Mahaifina ya taɓa nuna mini wata hanya ya ce ta nan giwaye ke bi da damina. A kanta na yi kunya arba'in. Dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, ba shi da katanga, kuma ban ji an taɓa tara ku an karanta muku dokar da ta shata iyakar ba.

Ke ma ai kin ga rayuwa. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe ku, a 2006 ta mayar wa jihar Bauchi. Kin zama 'yar riƙo, yau gidan kawu, gobe gidan gwaggo, kowa ya karɓa sai ya fara da gyaran ɗakunan baƙi na Wikki. Wa ya ci ribar wannan? Bika. Su kaɗai suka gane abin da ake nufi da yawon buɗe ido. Baƙo na wanka a ruwan ɗumin Wikki, su suna buɗe masa jaka. Na ga wani da idona ya fizge burodi ya hau rufin mota yana ci yana kallon mai shi, babu ko kara.

Abin da ya sa fushina ya sauka shi ne lissafi. A ƙidayar 2006 kun kusa 350. Yanzu ana ƙiyasta ku tsakanin 100 da 150, kuma a hakan ma kuna cikin manyan garken da suka rage a Najeriya. Wata 22 kike ɗauke da ciki, ki haifi ɗa guda, sai bayan shekara huɗu ko biyar ki sake. Maharbi kuwa dare ɗaya ya ishe shi. Mu nan ƙauye babu wanda ya san abin da ake yi da haure. Ba a miya da shi, ba a ɗaura aure da shi. Ta tashar jiragen ruwa yake bi ya tafi Asiya. A watan Janairun 2024 an niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a Abuja, gaban 'yan jarida. Na ji a rediyo, na ce ko da na 'yar'uwarki a ciki.

Ki gaishe mini da zaki, in kin gan shi. Ba na tsammanin kuna yawan haɗuwa, don a duk Najeriya nan da Kainji kaɗai ya rage. Makiyayi ya rasa burtali ya kora shanu cikin gandu, zaki ya kama saniya, a zuba wa mushen guba, zaki ya dawo ya ci, kura ta ci, ungulu ta ci. Raƙumin dawa kuwa tuni ya ƙare a dajinku, sai daga Namibiya aka kawo wasu aka zuba a gandun Sumu. Alhali ga maƙwabtanmu na Kure a Nijar, inda raƙuman dawa suka ragu zuwa 49 a 1996, yau sun haura 600, suna yawo a gonakin mutane suna cin wake. Bambancin, a ganina, can an sa manomi cikin lissafi, ɗan ƙauye ne ya riƙa yi wa baƙi jagora yana samun na cefane.

Akwai kuma abin da ba na faɗa da ƙarfi. Sambisa gandun namun daji ne kamar naku kafin ya zama abin da ya zama. Kamuku ta Birnin Gwari ma haka. Daji ba ya zama babu mai shi. In giwa ta ƙare, baƙi suka daina zuwa, aka daina biyan masu gadi, wasu ne za su tare a ciki, kuma su ba dawa suke ɗauka ba. Masu gadin nan da ke kwana da kwanaki a ƙafa suna sintiri, waɗanda maharba suka kashe wasunsu, saboda ke aka ɗauke su aiki, amma har da ni suke tsarewa. Shi ya sa da wani ya zo yana raɗa mini cewa ya san mai bindigar da zai raba ni da ke, na ce ya sha ruwa ya kama hanya.

Saboda haka ga shawarar da na yanke. Baɗi zan jera amya a bakin gona, don an tabbatar mini duk girman nan naki ƙudan zuma kike tsoro. Ban gaya wa kowa ba, asirinki a rufe yake. Zan kuma zagaye dawar da barkono. Kada ki ɗauka gaba ce, maƙwabtaka ce ta zo da haka. Diyya kuwa na san ba ki da aljihu, zan ci gaba da zarya ofis. In baƙi daga Abuja sun zo ɗaukar hotonki, ki ɗan juya ki nuna musu wajen gonata da hannun nan naki, ko wani zai tambaya ta wace ce.

Roƙona biyu ne. Ki haihu, ki yi ta haihuwa. Sannan don Allah in za ku fito, ku bari sai an kai dawa rumbu. Karan duka na bar muku.

Wassalam.

Maƙwabcinki,
Mai gonar bayan rafi,
Ƙaramar Hukumar Alkaleri.