Jinjina ga Gwanin Tattalin Reza

Ranka ya daɗe, gwani, sannu da ƙoƙari. A zamanin da almubazzaranci ya zama ado, kai kaɗai ka tsaya kai da fata cewa reza ba za ta ga bola ba sai ta ga jikokinta. Wasu masu aski sukan ɓare sabuwa a gaban mutum, su yi masa ƙwal-kwabo, su yar, sai ka ce a bakin hanya suke tsintar kuɗi. Kai kuwa tun tana cikin takardarta za ka karya ta biyu, ka ɗaura ɓari guda, ka fara da kan ladan bayan asuba, ba za ta huta ba sai ta sauka daga kan ɗan dako da la'asar sakaliya. Ɗaya ɓarin na gobe ne. Wa ya isa ya ja da kai?

Akwai masu ƙananan dabaru, ka san su. Mutum ya sayi rezarsa don kansa shi kaɗai. In suma ta taru ya fara rage ta da almakashi, ya jiƙa kai da ruwan ɗumi da sabulu har gashi ya yi laushi, ya riƙa ɗauraye bakin rezar yana aski, in ya gama ya busar da ita ya ɗiga mata mai don kada laima ta ci ta. Wani har yakan goga ta a kan tsohon wandon jins. Da haka sai ta ƙara masa aski biyu ko uku, kai ɗaya, reza ɗaya, babu wanda ya cutu. Wannan tattalin 'yan koyo ne. Kai ka gane abin da ya shige musu duhu: riba ba a yawan kwanakin reza take ba, a yawan kawuna take.

Da ka zo duniya da wuri, da King Gillette na Amurka bai taɓa yin arziki ba. Shi ne ya gina arzikinsa a kan reza mai araha da za a yi aski da ita a jefar. A 1903, shekarar da ya fara ciniki, reza 168 kacal ya sayar.  Kai da a hannunka suka faɗo, da ka aske birnin Boston, inda ya kafa kamfaninsa, kaf har ka rage na Sallah.

Su kuma masana na jami'ar MIT, a 2020, sun zauna da na'urar hango ƙananan abubuwa suna kallon yadda reza ke yanka gashi. Suka ce gashi ya fi ƙarfen laushi wajen ninki 50, amma duk da haka in ya lanƙwashe a bakin kaifin yakan ɓantare shi kaɗan-kaɗan, har bakin ya koma kamar na zarto. Sun ɓata kuɗin bincike. Da sun zo rumfarka da sun ga magani: a goga a tafin hannu sau uku, gaba da baya, a shafe a gefen riga, a ce bismillah. In ta ƙi ci, a danna. In fata ta tsage, sai ka ce da mai kan, "Haƙuri, Alhaji, ɗan ƙurji ne na fasa maka." Shi ma ya yi godiya.

Abin da ya fi burge ni da kai shi ne kyauta. Mai tumatir yakan yi gyara da ƙwaya biyu, mai gyaɗa da ɗan tafin hannu, amma kai ba ka taɓa sallamar mutum hannu rabbana ba. Yaro ya zo da kai sumul, bayan mako biyu ga makero ya zana masa taswira. Saurayi ya zo gyaran ƙeya, ya koma da ƙurajen da za su yi shekaru suna gaishe shi a bakin wuyar riga. Ba ka ƙara musu ko sisi a kan kuɗin aski ba.

Babbar tsarabar kuwa ba a ganinta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya ishe ta hanya. Tsumman da kake share aska da shi ba ya ba ta tsoro, balle ruwan gwangwanin nan da ya wuni yana wanke kawuna. Babban binciken lafiya da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, wato kusan mutum ɗaya a cikin goma sha biyu, kuma yawancinsu ba su sani ba. Dubi ikon Allah: ɓarin rezarka ma kai goma sha biyu yake yi a ranar kasuwa. Lissafinka da na likitoci ya zo daidai. Wa'azi ya kasa haɗa kan unguwa, siyasa ta raba ta, kai ka haɗa jininta ba tare da ka ɗaura aure ko ɗaya ba.

Ga kuma sirri. Cutar ba ta tona maka asiri. Takan kwanta shekara ashirin, talatin, tana cin hanta shiru. Ranar da ido zai yi ɗorawa, ciki ya kumbura, ƙafafu su tashi, za a ce shawara ce, za a ce sammu ne, za a zargi kishiya. A sayar da gona, a sayar da akuyoyin matar gida, a kwana a barandar asibiti. Babu wanda zai tuna da bencinka. Na zauna a irin barandar nan, na ga magidanci da bai kai arba'in ba ya koma ƙashi da fata in ban da cikin, 'ya'yansa na tsaye a taga suna leƙe. Ba a san ta inda ta shige shi ba. Ba a taɓa sani.

Hukumomin Saudiyya dai ba su san darajarka ba. A Mina, ranar da alhazai ke sauke gashi bayan jifa, sun hana kowa aski sai mai lasisi, kuma dole kowane kai da sabuwar rezarsa. Dubban ɗaruruwan kawuna, kowanne da tasa! Da kai suka ba kwangilar, da kwali ɗaya ya yi aikin Hajjin bana da na baɗi, kuma kowane alhaji ya koma ƙasarsa da guzurin da ya fi dabino daɗewa.

Jibi akwai suna a gidan maƙwabcinmu, an ce kai za ka yi askin. Likitoci sun ce babba in ya kamu, galibi jikinsa kan kori cutar, waɗanda take zaune musu ba su kai biyar cikin ɗari ba. Jariri kuwa, tara cikin goma takan zauna musu har ƙarshen rai. Akwai allurar rigakafi kyauta da ake so a yi cikin awa 24 da haihuwa, tana cikin jerin alluran yara a Najeriya tun 2004, amma wannan yaron a gida aka haife shi, ba a kai shi ba tukuna. Uban ya sayi rago, ya sayi goro da alawa, ya ɗinka wa mai jego atamfa. Reza ce kawai bai saya ba, don ka ce masa, "Bar kuɗinka, maigida, akwai a zabira."