Lauyan Zomo a Kotun Turaren Wuta

Na ɗaukar wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni. Zan tsaya wa wani ɗan kasko da ya fara leƙowa ta wayoyin masu tallar kayan ɗaki, wanda hayaƙinsa, maimakon ya tashi sama kamar na kowane kasko mai mutunci, sai ya riƙa gangarowa kamar ruwan indararo. A gefensa an girke zomon tangaran, ya ɗaga kai yana kallon wani farin faifai da aka ce wata ne. Na san a Birnin Kebbi nake wannan magana, garin da za a yafe wa amarya miyar da gishiri bai ji ba, amma ba a yafe mata ɗakin da bai sha turare ba. Duk da haka hujjata ɗaya ce, kuma a kanta zan tsaya ko da za a kore ni da muciya: an kai abin nan kotun da ba tasa ba. Hanci aka sa alƙalanci, alhali don ido aka ƙera shi.

Bari in fara wanke shi daga zargin tsafi, don na san akwai innar da za ta ga hayaƙi yana tafiya da ka ta hau salati. Turaren nasa ɗan curi ne mai tsini, an huda shi ta gindi. In an kunna tsinin, hayaƙin yakan bi ramin cikin curin, kafin ya fito ya huce, ga shi ɗauke da ɓurɓushin abin da ya ƙone, sai ya fi iskar ɗaki nauyi. Abin da ya fi iska nauyi kuwa ƙasa yake nufa, shi ya sa yake zuba ta hudar kaskon ya bi matakalan da aka sassaƙa masa. Babu aljani a ciki, Inna. Sharaɗinsa ɗaya ne, iska ta tsaya cak, kuma ina roƙon kotu ta manta na faɗi wannan, don shi ne zai kayar da ni nan gaba.

Mai ƙara ta farko Hajiya mai turare ce, kuma maganarta da nauyi. Za ta ce: "Malam, turare garwashi ne da kasko, a barbaɗa hawi da sandal da gabgab da kajiji da farce, irin haɗin da matan Borno suka yi suna a kai, hayaƙi ya tashi ya shiga labule da shimfiɗa, a kifa kabbasa a ɗora tufafi su sha. Hayaƙin da ya bi ƙasa, tabarma zai turara ko tururuwa?" Gaskiyarki, Hajiya, har zan ƙara miki da cewa curin nan yakan bar wani maiƙo mai ƙauri a jikin kaskon wanda sai an wanke. To amma a tuna da jere. Shekara nawa iyayenmu suka yi suna jera tasoshin tagulla, daga baya kwanukan samira da tangaran, tun daga ƙasa har kusa da rufi, kwanon da har amarya ta aurar da 'yarta bai taɓa ganin tuwo ba? Wa ya taɓa kai kwanon jere ƙara don bai ciyar da kowa ba? Aikinsa a shigo a gani a ce barakallahu. Mutanen da suka ƙirƙiro kwanon da ba a cin abinci a ciki ba su da bakin tsangwamar kaskon da ba ya ƙamsasa ɗaki. A ɗora shi kan kabet kusa da 'yan'uwansa, a bar kaskon gado da aikinsa.

Sai a ce to mun ji, amma me ya kawo zomo? A nan wanda nake karewa yana da asali. Sinawa tun da daɗewa suke kallon duhu-duhun da ke fuskar cikakken wata su ga zomo yana daka maganin tsawon rai a turmi, yana taya wata baiwar Allah mai suna Chang'e zama, kuma suna tuna shi a bikin daren 15 ga watansu na takwas. Mutanen Japan da Koriya sun ce shinkafa yake kirɓawa, abin da ya kamata ya burge jihar da ke tinƙaho da shinkafar fadama. A labaran mabiya Buda, zomo ne ya faɗa wuta don baƙo mai yunwa ya sami nama, aka saka masa da zana hotonsa a wata. Sinawa ba su ɗauki zancen wasa ba: motar binciken da suka saukar a wata a Disambar 2013 sunan zomon nan suka sa mata, Yutu, ta biyun kuma ta sauka a bayan wata a Janairun 2019. Idan wani ya ce mu ba mu taɓa ganin zomon ba, amsa a fili take. Mu jinjirin wata muke nema, siriri kamar yankan farce, muna kasa kunne ga sanarwar fadar Sarkin Musulmi don mu san azumi ko salla. Wane zomo zai zauna a kan wannan? Ranar da wata ya cika kuwa mun bar wa yara shi su yi dandali. Mu da muka aurar wa wata Zara, ban ga abin da zai sa mu hana ta mai taya daka ba.

Daga nan ƙafata ta fara zamewa. Masu talla suna cewa zomo alamar sabuwar rayuwa ce ta lokacin da tsirrai ke tohowa a Turai, kuma hakan ne: wani likita Bajamushe, Georg Franck von Franckenau, ya rubuta tun 1682 cewa ana gaya wa yara zomo ne ke ɓoye ƙwan Ista a lambu, daga baya Jamusawa suka kai al'adar Amurka. Zomo mai ƙwai! Ko Gizo bai taɓa shirga irin wannan ba. Matsalar ita ce lokacin nasu yana faɗowa ne a Maris da Afrilu, daidai sa'ar da bazara ke gasa Birnin Kebbi, zafi ya haura digiri 40, zomon dawa kuma ba ta ƙwai yake ba, ta karnukan 'yan farauta yake. A irin wannan zafi wa zai kashe fanka, ya rufe taga, ya zauna yana zufa don ya kalli hayaƙi? Da wuta, fanka ta watsa shi. Ba wuta, mafici ya watsa shi. Hunturu ya zo, iska ta shigo ta ƙasan ƙofa ta ƙarasa. Amsata ita ce abin da ba a samu kullum shi ne abin marmari, ko bikin kamun kifi na Argungu ai ba kowace safiya ake yi ba. Kuskurena ke nan, na tsokano Kabawa. Masunci zai ce: "Tun 1934 ake faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora, giwan ruwa ake nema. Kun ƙera kogi, ko da na hayaƙi ne, sannan ku ɗora zomo a bakinsa?" Haƙuri, Sarkin Ruwa. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka haɗa. Da giwan ruwa kuwa ko dawan ba su haɗa ba. Manomin wake ma ya ɗaga hannu, amma na roƙi kotu kada ta saurare shi, don tsohuwar gaba ce tsakaninsa da wanda nake karewa.

Saura ƙara ɗaya, kuma ita ce ta gama da ni. Malam zai gyara zama ya ce: "Duk mun ji, amma mutum-mutumin abu mai rai a ɗakin Musulmi fa?" Allah gafarta Malam, ba ni da ja. Abin da kawai zan iya cewa shi ne ana ƙera irin kaskon nan da siffar dutse ko tulu ko ganye, ba dabba ko ɗaya, hayaƙin kuma yana gangarowa yadda ya saba, tunda ba zomon ke tura shi ba. Ga shi na ci shari'a: kasko ya sami gurbi a jere, Hajiya ta riƙe garwashinta, Malam ya gamsu, Sarkin Ruwa ya koma kwalekwalensa. Sai da na juya in yi wa wanda nake karewa albishir na tuna cewa sharaɗin nasarar shi ne a fitar da shi daga ɗakin. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Malam dai fatawa ya bayar ya tafi. Ni ne aka bari riƙe da kunnuwa.