Giyar Zakaru a Gwiwar Alhaji

Da zarar likita ya dubi magidanci ya ce masa ya rage tumbi, sai wata sabuwar cuta ta kama shi, wadda babu ita a littafin asibiti: ya fara ji a ransa cewa shi ɗan tsere ne, rashin dama ce kawai ta zaunar da shi a ofis. Ya nufi wajen masu kekunan gwanjo na Turai, ya tsallake duk masu faffaɗar taya, ya tsaya kan siriri mai lanƙwasasshen ƙaho, ya ce, "Wanne ya fi gudu?" Mai kaya kuwa ba ya ƙin ciniki: "Ranka ya daɗe, wannan ai irin na zakarun Faransa ne." To wannan tambaya ce na kawo ƙara gaban jama'a, don daga ita duk abin kunyar da ke biyo baya yake tasowa. Ni a ganina, wanda ya sayi keke don motsa jini da shan iska, giya mafi laushi ya kamata ya fara dubawa, ya auna ta da tudu mafi tsauri a hanyarsa, a ranar da ya fi kowace rana gajiya.

Lissafin ba shi da wuya. Keken titi yana da faranti biyu masu haƙora a gaba wajen feda, da jerin fayafai a tayar baya, sarƙa tana haɗa su. Ka raba haƙoran gaba da na baya, sai ka san sau nawa taya za ta juya in ka zagaya feda sau ɗaya, kuma kowane juyin taya kusan mita 2.1 ne a ƙasa. Tsofaffin kekunan tsere, irin waɗanda suka cika gwanjo, sukan zo da faranti mai haƙora 53 da mai 39, fayafan baya kuma daga 11 zuwa 25. Giyarsu mafi laushi, wato 39 a kan 25, tana tura keke kusan mita 3.3 a zagaye guda. Wani tsarin kuma, mai ƙaramin faranti 50 da 34 tare da faifai mai haƙora 32, mita 2.2 kawai yake nema daga gare ka. A takarda bambancin mita ɗaya ne, abin da ba zai hana kowa barci ba. A kan tudu ne ake gane nauyinsa.

Mu ɗauki hawan da ke tashi mita 10 a kowace mita 100, mu ɗora masa Alhajinmu, shi da kekensa kilo 90. Kafin ya yi tafiyar kilomita 8 a awa sai ya fitar da ƙarfi wajen wat 200, wanda ga mutumin da ya saba da kujera da tuwon dare ba ƙaramin aiki ba ne. A wannan tafiya, mai 39 da 25 zai riƙa juya feda kamar sau 40 a minti, alhali ƙafa ta fi sakewa a tsakanin 80 da 90. Ga yadda abin yake kasancewa. Da farko zai taɓa sandar giya yana neman sauƙi, ta ce masa ta ƙare. Sai ya miƙe tsaye kan feda, keken ya shiga rangaji, ya fara saƙa hanya daga wannan gefe zuwa wancan, masu babur suna yi masa hon. Numfashinsa ya koma na injin markaɗe. Daga nan sai ya tuna yana da waya, ya sauka, ya kara ta a kunne yana gyaɗa kai, don masu wucewa su ɗauka kira ne ya tsayar da shi. Ƙarshenta ya tura keken da hannu, takalmin tserensa mai ƙarfe a ƙasa yana ƙwas-ƙwas a kan kwalta, wani yaro mai tallan rake ya bi shi da tausayi, "Sannu Baba, faci ya yi?" Abokinsa mai 34 da 32, wanda ba shi da ƙarfin da ya fi nasa ko kaɗan, yana zaune daram a sirdi yana juyawa sau 60, ya riga ya kai sama yana shan ruwa.

Na san abin da za a fara ce mini: ƙaramin faranti yana rage gudu. Gaskiya ne, amma a tambayi nawa yake ragewa. Mai 53 a kan 11, in ya juya feda sau 90 a minti, zai yi kusan kilomita 55 a awa. Mai 50 a kan 11 zai yi kusan 52. Kilomita uku ke nan, kuma a wani gudun da yawancinmu ba ma ganinsa sai a gangara, inda hankali ya koma kan birki da addu'a. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ɗan shan iska yana yawo ne tsakanin kilomita 20 da 30. Wato Alhaji ya sayar da giyar da zai buƙata kowane mako, ya sayi wadda ba zai taɓa murzawa ba, faifan nan mai haƙora 11 yana nan fes da shi har ranar rabon gado.

Hujja ta biyu ta fi ta farko daɗewa: wai giya mai laushi ta ragwaye ce, namiji da tauri ake saninsa. Wannan magana tana da babban limami. Henri Desgrange, wanda ya jagoranci tseren Tour de France tun farawarsa a 1903, ya daɗe yana hana na'urar sauya giya a gasar. 'Yan tseren wancan zamani, in sun iso gindin dutse, sai su sauka su kwance tayar baya su juya ta, saboda kowane gefe da nasa faifan. A daidai lokacin, masu yawon buɗe ido irin su Paul de Vivie suna ta hawa duwatsun Faransa da na'urarsu hankali kwance. Sai a 1937 aka yarda wa manyan 'yan tseren, kuma ba a sake waiwayar baya ba. Yau ma in zakarun suka tunkari dutsen Angliru na Sifaniya, wanda aka fara sa shi a gasar Vuelta a 1999, inda wani wurin tsaurin ya haura kashi 20 cikin 100, faranti 34 ko 36 suke ɗaurawa da faifai mai haƙora 30 ko fiye. Mutanen da nauyinsu bai wuce kilo 60 zuwa 70 ba, masu iya riƙe wat 400 a kan dutse, ba su ji kunyar neman sauƙi ba. Shi kuwa mai rabin ƙarfinsu da ƙarin kilo ashirin ya ce sai tsohuwar giyarsu ta fili. Kayan aro dai ba ya rufe katara, kuma gwiwa ce ke biyan bashin.

Hujja ta uku ita ce mai ɗan nauyi, ba zan yi mata dariya ba. Mutumin Kano ko Maraɗi zai ce garinsu shimfiɗe yake, me zai yi da giyar hawan dutse? Ya ƙara da cewa jeri mai faɗi, daga 11 zuwa 32, yana da manyan giɓi tsakanin fayafai, sai ka sauya ka ji wannan ta yi tauri, waccan ta yi laushi. Na yarda, wanda ya tabbata ba zai bar fili ba, 11 zuwa 28 ta ishe shi. Sai dai iskar hunturu in ta taso ta gabanka, ƙafa ba ta bambanta ta da tudu, gadar sama ma hawa ce, kuma wata rana abokai za su ce a je Jos ko a zaga unguwannin tudu na Abuja. Giɓi tsakanin fayafai ɗan tsaki yake jawowa, rashin giyar ƙarshe kuwa saukar da mutum yake yi a gaban jama'a.

Gyaran kuma bai kai tsadar sabon keke ba. A fara da baya, don canza fayafai ya fi canza faranti araha. Amma a sa mai gyara ya duba na'urar sauya giyar: mai gajeren hannu yawanci ba ta ɗaukar fiye da haƙora 28 ko 30, sai an sa mai dogon hannu, a kuma sa sarƙa mai tsawon da ya dace, kuma adadin fayafan ya yi daidai da sandar giyar da ke ƙaho. In aka yi haka tudu bai daina gagara ba, sai a sauko da farantin zuwa 50 da 34.

Don haka, mai karatu, ranar da ka je sayen keke, ka durƙusa ka ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba da na babban faifan baya. In lambobin biyu sun kusa zama ɗaya, biya kuɗinka. In na gaba ya yi wa na baya nisa, ka tambayi kuɗin canji kafin ka ce ka saya.